Tiyon ƙirji da jinyar mai sacewar huhu

Tiyon ƙirji roba ce da likita ke zurawa tsakanin haƙarƙari don fitar da iska, jini ko mugunya da suka taru tsakanin huhu da bangon ƙirji. Haɗarin mota, sukar wuƙa ko karayar haƙarƙari kan jawo wannan taruwa, sai huhu ya sace, numfashi ya gagara. Galibi ana sa tiyon a gefen ƙirji, ƙasa da hammata. Gotthard Bülau, wani likita a Hamburg ta Jamus, ya yi amfani da dabarar nutsa bakin tiyo cikin ruwa tun 1875.

Aikin nas a nan ya rataya ne ga kwalbar ruwan da ake nutsa bakin tiyon a ciki. Bakin tiyon yana nutse kamar santimita 2 cikin ruwa mai tsabta, iska ta fita, ba ta samun hanyar komawa. Dole kwalbar ta zauna ƙasa da ƙirjin majinyaci. In mai jinya ya ɗora ta kan gado don ya yi shara, ruwan na iya komawa ciki. Nas kan duba ruwan yana hawa yana sauka tare da numfashi. In ya tsaya cik, ko tiyon ya lanƙwashe, ko gudan jini ya toshe shi, ko kuwa huhun ya gama buɗewa. Ba a matse tiyon da ke fitar da kumfa, domin iskar da ta rasa mafita tana iya danne zuciya.

Ana ba da maganin ciwo a kan lokaci, don mai jin zafi ba ya yarda ya yi tari ko dogon numfashi.