Man shafawar taurari: Mai ake saye ko suna?

Mai karatu, in ka taɓa ɗaukar man shafawa mai sunan wata tauraruwa, ka ji kuɗinsa ka ajiye a hankali, to ka sani wannan ciniki ya girme mu duka.

Tun a 1924 kamfanin Pond's na Amurka ya fara biyan matan manya su fito a jarida su ce mansa su ke shafawa. Har Sarauniya Marie ta Romaniya sai da ta shiga layi. Masu sabulun Lux su ka ga abin ya karɓu, su ka nufi Hollywood a ƙarshen shekarun 1920, su na iƙirarin wai tara cikin goma na jaruman fim da shi su ke wanka. A Indiya, Leela Chitnis ce ta buɗe wannan ƙofa a 1941, kuma a 2005 har Shah Rukh Khan aka saka cikin bahon wanka, furanni na yawo kan ruwa! Mu ma nan Nijeriya, Genevieve Nnaji ta zama fuskar Lux a 2004.

A duk tsawon zamanin nan hayar fuska ake yi: a biya jaruma, a ɗau hoto, kowa ya kama gabansa. Daga baya taurarin su ka farga cewa ribar na wajen mai kaya. Rihanna ta fito da Fenty Skin a 2020. A 2022 Hailey Bieber ta kafa Rhode, Kim Kardashian ta kawo jerin kaya 9 a kan dala 630, shi kuma Brad Pitt ya sa wa kwalba guda ta mansa dala 320. Na Kim bai yi ƙarko ba, an rufe shi a 2025. A shekarar ce kuma kamfanin e.l.f. ya sayi Rhode a cinikin da aka ƙiyasta kan dala biliyan 1.

To me ke cikin kwalbar? A nan ne tarihi ya ke ɗan ba su kunya. Aikin man shafawa bai wuce ya jawo danshi cikin fata, ya toshe masa hanyar fita, ya kuma tausasa ta ba. Gilisarin ke jawowa, basilin ke toshewa. Shi basilin tun 1872 Robert Chesebrough ya yi masa rajista, Nivea kuwa ta fito a Jamus a 1911. Har gobe likitocin fata na tura masu kaushi da faso ga irin waɗannan masu araha.

Ban ce na taurarin jabu ba ne. Wasu na da kyau, ba su da maiƙo, ga ƙamshi. Amma rarar kuɗin, a ganina, ta kwalba ce da talla da suna. Fatar da ki ke gani a allo kuwa, duk wanda ya taɓa leƙa lokeshin ya san rabon mai kwalliya da mai fitila da mai tace hoto a cikinta.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne ranar da na karanta jerin haɗin wani man Rhode. Cikin abin da su ke tinƙaho da shi har da man kaɗanya, wanda matan Neja da Kwara da arewacin Gana ke tsintar ƙwararsa a daji, su daka, su dafa, a sayar mana a kasuwa curi-curi.