Nasau: Yadda Dokokin Amurka Suka Gina Birnin Hutun Kwana Uku

A shekarar 2024 ƙasar Bahamas, wadda mutanenta ba su wuce dubu 400 da 'yan kai ba, ta karɓi baƙi fiye da miliyan 11. Sama da miliyan 9 daga cikinsu a jiragen ruwan yawon shaƙatawa suka zo, kuma Nasau, babban birnin ƙasar, shi ne babban masauki. A watan Mayun 2023 aka buɗe sabuwar tashar jiragen birnin, wadda ta ci dala miliyan 300. Gwamnati na bugun ƙirji da waɗannan alƙaluma. Direbobin tasi da matan kasuwar kayan kaba da ke titin Bay kuwa kukansu ɗaya ne: baƙi sun cika gari, ciniki bai taka kara ya karya ba. Baƙo zai sauka da hantsi ya koma kafin magariba, ci da kwanansa duk a jirgi. Da kamfanin Royal Caribbean ya samu fili a tsibirin Paradise don gina wurin wankan teku na fasinjojinsa, sai gardama ta ƙara zafi. To, yaya aka yi babban birnin ƙasa guda ya zama wurin leƙe a wuce?

Farkon labarin ba shi da tsawo. Mutanen Lukayan ne asalin mazauna tsibiran. Bayan zuwan Kolumbus a 1492, Sifaniyawa suka kwashe su bauta, cikin shekaru talatin aka nemi irinsu aka rasa. Turawan Ingila suka kafa wani ƙauye a tsibirin New Providence, Sifaniyawa suka ƙone shi a 1684, aka sake gina shi a 1695 da sunan Nasau. 'Yan fashin teku irin su Blackbeard suka mayar da shi sansaninsu, har gwamna Woodes Rogers ya fatattake su a 1718. Bayan 1783 masu goyon bayan Ingila da suka gudo daga Amurka suka zo da bayinsu, baƙar fata suka zama mafi rinjaye. Auduga ba ta yi albarka ba, don ƙasar duwatsu ce. Garin ya zauna cikin talauci.

Masu tallar yawon buɗe ido na cewa farin yashi da shuɗin ruwa ne suka ceci Nasau. Wasu masana kuma Fidel Castro na Kyuba suke dangana wa komai. Ni ban gamsu da ko ɗaya ba. Yashi da ruwa suna nan a ɗaruruwan tsibirai na yankin, wasu ma sun fi na Nasau kyau. Abin da birnin ya mallaka shi ne zama kilomita 290 kacal daga Mayami ba tare da dokar Amurka ta hau kansa ba. Duk abin da Amurka ta hana mutanenta, Nasau ta kasa shi a faifai. Wanda ya san yadda Maraɗi ta yi arziki da kayan da Nijeriya ta hana shigowa ba zai sha wahalar gane wannan ba.

A 1859 gwamnatin mallaka ta yi yarjejeniya da Samuel Cunard domin jirginsa ya riƙa zuwa daga Niyok, ta kuma gina otal ɗin Royal Victoria, wanda aka buɗe a 1861 da fatan masu gudun sanyi za su cika shi. Ba su ne suka cika shi ba. A shekarar ce yaƙin basasar Amurka ya ɓarke, Arewa ta datse tashoshin Kudu, sai 'yan fasa-ƙwauri suka mayar da Nasau zangonsu. Suna kai makamai Charleston da Wilmington, su dawo da audugar da masaƙun Ingila ke jira. Yaƙi na ƙarewa a 1865, kasuwa ta watse.

Hakan ta sake faruwa a 1920, lokacin da Amurka ta haramta giya. Wiski na zuwa daga Birtaniya bisa doka, gwamnati ta karɓi harajinta, dare na yi a tsallaka da shi Florida. Da kuɗin nan aka yashe tashar jiragen ruwa, da shi kuma attajiran Turawa da ake kira yaran titin Bay suka kafu. Masu ƙishi suka fara zuwa da kansu, kuma a 1929 kamfanin Pan American ya fara tashi daga Mayami. Tun daga nan Ba'amurke ya koyi cewa zai iya barin gida ranar Juma'a ya koma aiki Litinin.

Wanda ya mayar da abin sana'a ta dindindin shi ne Stafford Sands, lauya kuma ɗaya daga cikin yaran titin Bay, wanda ya karɓi hukumar raya ƙasa a 1950. Kafin shi otal-otal wata uku suke aiki lokacin sanyi su rufe. Ya zuba kuɗi a talla a jaridun Amurka, na'urar sanyaya ɗaki ta sa bazara ta zama lokacin ciniki, ya kuma nemi matsakaitan ma'aikata maimakon attajirai kaɗai. Baƙi sun tashi daga kusan dubu 32 a 1949 zuwa sama da miliyan ɗaya a 1968. Hawan ya fara tun Castro bai shiga Habana ba a 1959, shi ya sa ban yarda a ba shi ladan duka ba. Gaskiya ne faɗuwar wani tashin wani, an rufe gidajen cacar Habana, masu su suka nemi sabon gida. Amma abin da ya toshe hanyar Kyuba shi ne umarnin Washinton na 1963 da ya hana Amurkawa kashe kuɗi a can. Nan ma dokar Amurka ce ta yi aiki. A lokacin, jihar Nevada ce kaɗai ta halatta gidan caca, sai tsibirin Hog, wato na aladu, ya koma Paradise a 1962, aka yi masa gada da gidan caca. Har yau mazauna Bahamas ba su da izinin yin caca a waɗannan gidajen. Don baƙi aka gina su.

'Yan ƙasa ba su taɓa yin shiru ba. Sai a 1956 majalisa ta yi tir da hana baƙar fata shiga otal-otal. A Nuwamban 1957 direbobin tasi suka tare hanyar sabon filin jirgin sama, saboda an ba kamfanonin Turawa jigilar baƙi, kuma a Janairun 1958 yajin aikin gama-gari ya rufe otal-otal kwana 16. Wannan tafiyar ce ta kai Lynden Pindling ga mulki a 1967, ta kai ƙasar ga 'yanci ranar 10 ga Yulin 1973. Sands ya bar ƙasar bayan bincike ya gano maƙudan kuɗin da ya karɓa daga masu gidajen caca.

Sauyin da ya fi kowane tasiri a ganina ya zo a Disamban 1966, lokacin da Knut Kloster da Ted Arison suka fara tafiyar kwana uku da huɗu daga Mayami zuwa Nasau a jirgin Sunward. Daga ranar, otal ɗin ya koma kan ruwa. Wata tsohuwar doka ta 1886 ta hana jirgi mai tutar waje jigilar fasinja tsakanin tashoshin Amurka kaɗai, manyan jiragen kuwa kusan duka a waje suke da rajista, da yawa a Bahamas ɗin kanta. Dole a taɓa wata ƙasa, ga Nasau a bakin ƙofa. Daga baya kamfanonin jiragen suka kama ƙananan tsibirai nasu, irin su CocoCay da Castaway Cay, inda ko lemo baƙo ya saya, aljihunsu kuɗin ke komawa.

Don haka ƙarin harajin kan fasinja da gwamnati ta yi daga 2024 daidai ne, sai dai bai taɓa tushen matsalar ba. Mai kwana a otal yana kashe ninkin-ba-ninkin abin da fasinjan jirgi ke kashewa, amma shi ne kaso mafi ƙanƙanta na baƙi. Kuma an ga yadda abin ke juyawa: a 2016 gwamnatin Obama ta bar jirage su je Habana, a Yunin 2019 gwamnatin Trump ta hana, cikin 'yan kwanaki kamfanoni suka karkatar da jiragensu zuwa wasu tashoshi. Ƙasar da kusan rabin tattalin arzikinta ke rataye da baƙi ya kamata ta daina ƙirga kawunan da suka sauka, ta fara ƙirga daren da aka kwana a cikinta.