Tina Turner: Tsohuwar Murya A Sabon Gida

Mai karatu, idan kai mutumin ƙasar Daura ne, ko daga Sandamu kake ko Zango ko Mai'aduwa, ba sai an tsaya yi maka bayanin matsayin ubangida a wurin makaɗi ba. Alhaji Mamman Shata haifaffen Musawa ne, ya zauna a Funtuwa da Kano, amma da Allah ya yi masa rasuwa ranar 18 ga Yuni, 1999, a Daura aka rufe shi, saboda amincin da ke tsakaninsa da Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar. Ka ga makaɗin da ya dace da inuwa ke nan.

To, a Turai da Amurka babu sarki mai ba da doki da riga. Kamfanin buga faifai shi ne ubangidan mawaƙi. Shi ke biyan kuɗin sutudiyo, ya ɗauko makaɗa, ya buga faifai, ya kai shi gidajen rediyo. Ranar da ya ce ya gaji da kai, sai ka nemi wata inuwar. Idan kuwa shekaru sun ja, balle a ce mace ce, samun wata inuwar ba wasa ba ne. A wannan watan za mu duba tarihin wata baƙar fatar Amurka da ta shiga wannan hali, wato Tina Turner, da faifanta mai suna Private Dancer wanda ya fito a 1984.

ASALINTA

Sunanta na yanka Anna Mae Bullock. An haife ta ranar 26 ga Nuwamba, 1939, ta tashi a wani ƙauye da ake kira Nutbush a Jihar Tennessee, inda ta soma waƙa a coci. Tana budurwa ta koma birnin St. Louis, a can ta haɗu da wani gwanin makaɗi mai ƙungiyarsa, Ike Turner. Shi ne ya raɗa mata suna Tina Turner a 1960, lokacin da waƙarsu ta farko ta shiga kasuwa, daga baya kuma ya aure ta.

Kiɗan da suke yi shi ake kira sol, kiɗan baƙaƙen Amurka wanda ya samo tushe daga waƙoƙin coci da na kukan zuci. Murya yake so mai ƙarfi, mai ɗan kaushi, wadda idan ta tashi sai ka ji tsigar jikinka ta tashi. Tina kuwa Allah ya hore mata ita. Sun yi tashe ƙwarai, har waƙarsu Proud Mary ta ci kyautar Grammy. Mu ma nan Afirka ta Yamma sun zo mana: ranar 6 ga Maris, 1971 sun yi wasa a birnin Akara na ƙasar Gana, a gagarumin bikin nan na Soul to Soul wanda aka ɗauka a fim.

Sai dai abin da ake gani a dandali daban, na cikin gida daban. Kamar yadda ta bayyana daga baya a littafin tarihinta, ta sha duka da wulaƙanci a hannun mijin shekara da shekaru, kuma kuɗi da kwangila da zaɓen waƙa duk a hannunsa suke. A watan Yuli, 1976, a birnin Dallas, ta sulale daga otal ɗin da suka sauka, ba ta da kuɗi a jikinta sai santi 36, wanda ko rabin dala bai kai ba. Da aka kammala raba auren a 1978, ta bar masa sutudiyo da mafi yawan dukiyar, ta kuma ɗauki bashin wasannin da aka soke saboda tafiyarta. Abin da ta dage a kai shi ne a bar mata sunan nan, Tina Turner.

SHEKARUN FARI

Daga nan sai abubuwa suka tsaya cik. Ta fitar da faifai biyu a ƙarƙashin kamfanin United Artists, Rough a 1978 da Love Explosion a 1979. Na biyun ma kiɗan disko ne, wanda ake yayi a lokacin, to amma kowa ya ji ya san rigar aro ce. Duka biyun ba su yi kasuwa ba, suka rabu da kamfanin. Ta koma yin wasa a otal-otal, tana maimaita tsofaffin waƙoƙi don ta biya bashi. Ga shekaru arba'in sun cika. A idon masu kamfanoni, zamaninta ya wuce.

Wanda ya fara juya lamarin wani matashi ne ɗan ƙasar Ostireliya, Roger Davies, da ya zama manajanta. Ya raba ta da wasan otal, ya mayar da ita gaban matasa. A 1981 ta buɗe wa ƙungiyar Rolling Stones fage a wasu wasanninsu na Amurka. Sannan wasu samari 'yan Ingila masu kiɗa da na'ura, Martyn Ware da abokan aikinsa, suka gayyace ta ta ɗora murya a kan kiɗansu. Ka ga inda abin mamaki yake: 'yan Ingila sun fi mutanen gidansu sanin darajarta.

A 1983 kamfanin Capitol ya ɗauke ta. Ko a can ɗin ma ba kowa ke son ta ba, sai da wani jami'insu, John Carter, ya tsaya kai da fata. Aka fara gwaji da waƙa guda, tsohuwar waƙar Al Green mai suna Let's Stay Together, aka yi mata sabon kiɗa. Ta fito a ƙarshen 1983, ta kai ta 6 a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Ingila. Nan take kamfani ya ce a kawo cikakken faifai, kuma da gaggawa, tun ƙarfe na da zafi.

FAIFAI ƊAYA, KIƊA IRI-IRI

Wannan gaggawar ce ta sa faifan ya fito yadda ya fito. Babu lokacin da za a zauna da furodusa ɗaya a tsara komai. Sai Davies ya shiga Landan yana tattaro waƙoƙi daga hannu daban-daban, ita kuma tana fita wannan sutudiyo tana shiga wancan. Cikin 'yan makonni aka gama. Terry Britten ya yi nasa, Rupert Hine ya yi nasa, Martyn Ware da Greg Walsh suka yi nasu, shi ma Carter ya yi nasa.

Saboda haka idan ka saka faifan, kai ka ce kasuwar ƙauye ka shiga ranar cinta. Akwai tsohon sol na garin Memphis, wato waƙar Al Green da wata ta Ann Peebles, amma an ɗora su a kan kiɗan na'ura. Akwai rok mai zafi da ƙarar jita. Akwai waƙar David Bowie mai suna 1984. Ita kuwa waƙar da aka sa wa faifan sunanta, Mark Knopfler na ƙungiyar Dire Straits ne ya rubuta ta, kiɗa ne mai sanyi a kan wata mata da ke rawa don neman abinci, Jeff Beck ya kaɗa jita a ciki.

Sai kuma uwa uba, What's Love Got to Do with It, wadda Britten da Graham Lyle suka rubuta, mai ɗan taku irin na rege. Da farko Tina ba ta son ta sam, gani take waƙar yara ce, ba ta da nauyi. An ma riga an kai wa wasu mawaƙan kafin ita. Davies ya lallashe ta ta je ta ga Britten. A can ta rage ƙarfin murya, ta rera ta a hankali, kamar babbar mace da ta ga jiya ta ga yau tana ba ƙanwarta shawara. Da haka waƙar ta tashi daga ta yara ta koma ta manya.

A nan ne sirrin faifan yake, mai karatu. A ƙa'ida, tarkacen waƙoƙi daga furodusoshi barkatai bai kamata su zauna a faifai ɗaya lafiya ba. Abin da ya ɗaure su wuri guda muryarta ce. Ba ita ta rubuta ko ɗaya daga cikinsu ba, amma duk wadda ta rera sai ka rantse labarinta take bayarwa. A faifan disko na 1979 ta bi kiɗa ne a baya. A wannan kuwa kiɗan ne ya biyo ta.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Faifan ya fito a watan Mayu, 1984. A watan Satumba waccan waƙar da ta ƙi da farko ta zama ta ɗaya a Amurka, ta yi mako uku a wurin. Tina tana da shekara 44, kuma har zuwa lokacin ba a taɓa samun mawaƙiya mai waƙa ita kaɗai da ta hau wannan matsayi da shekaru kamar nata ba. An sayar da fiye da kwafi miliyan 10 a duniya. A bikin Grammy na 1985 ta tashi da kyauta uku. Da tsohuwar zuma dai ake magani.

Ku ma'abota fim da littafi, nan rabonku ya shigo. A 1985 ta fito tare da Mel Gibson a fim ɗin Mad Max Beyond Thunderdome. A 1986 ta fitar da littafin tarihinta, I, Tina, wanda suka rubuta da Kurt Loder. Daga littafin aka shirya fim a 1993, aka sa masa sunan waccan waƙar. Angela Bassett ce ta fito a matsayin Tina, Laurence Fishburne a matsayin Ike, kuma dukkansu sun shiga takarar Oscar. Ike ya mutu a 2007. Ita kuma ta ƙare rayuwarta a ƙasar Suwizalan, inda ta mutu ranar 24 ga Mayu, 2023, tana da shekara 83.

Mawaƙanmu na finafinan Hausa suna da abin dubawa a nan. Yau mutum yana wannan sutudiyo, gobe yana wancan, kiɗan fiyano ya shigo ya ture na kalangu, wani kuma zai zo ya ture shi. Gaskiya ne in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Amma kafin mawaƙi ya sauya gida ko ya sauya kiɗa, ya kamata ya tambayi kansa abin da zai fita da shi wanda ba na maigida ba ne. Tina ta fita da suna da murya, kuma sai da ta yi shekara bakwai tana jira kafin ta sami gidan da ya san abin da zai yi da su.