Daga Andalus Zuwa Fadar Daura: Tarihin Sigar Fata

Duk wanda ya taɓa halartar gaisuwar fada a Daura ya ji ana cewa "Allah ya ja zamanin Sarki." Wannan "ya" ba labarin abin da ya wuce take bayarwa ba, fata ce. Masana nahawun Hausa na kiran sigar da umartau, kuma irinta ce ke wahalar da masu koyon Sifaniyanci, inda sunanta subjuntivo.

Tarihi ya bar tambari a kanta. A shekarar 711 Ɗariƙu bin Ziyad ya tsallaka zuwa Andalus, Larabci kuma ya zauna a can har faɗuwar Giranada a 1492, shekarar da Antonio de Nebrija ya wallafa nahawun Sifaniyanci na farko. Mulki ya tafi, kalmomi suka saura. Ɗaya daga ciki ita ce ojalá, wadda ta fito daga furucin Larabci mai jingina al'amari ga nufin Allah. Llueve na nufin ana ruwa, amma bayan ojalá dole a ce llueva: Allah ya sa a yi ruwa.

Me ya sa Bahaushe bai lura yana da irin wannan ba? Rubutun boko ne ya ɓoye masa. "Ya zo" ta labari tana da dogon wasali da karin sama, ta umarni kuwa gajeren wasali da karin ƙasa, amma a takarda kamarsu ɗaya.

Haka batun ɓoye mai aiki. A labarin rijiyar Kusugu, cewa ake "ba a ɗibar ruwa sai ranar Juma'a," ba tare da ambaton masu ɗiba ba. Aikin se ke nan a se habla español, wato ana jin Sifaniyanci. Muna kuma da "ya gyaru," wanda F. W. Parsons ya sanya a aji na bakwai cikin tsarin aikatau da ya fitar a 1960. Inda harsunan suka rabu shi ne, Sifaniyanci na iya maido da mai aikin a ƙarshen jimla ta hanyar por; Hausa kuwa sai ta fito fili ta ce Bayajida ya kashe macijiya.

Saboda haka mai koyo ya fara auna sabon harshen da na gida kafin ya bi ta Ingilishi, inda sigar fata ta kusa shuɗewa.