Na'urar neman zinariya

Na'urar neman zinariya wani nau'in na'urar gano ƙarfe ce da ake amfani da ita wajen neman curin zinariya da ke binne kusa da saman ƙasa. Ba ta iya gano garin zinariya, sai dai curi.

Iri biyu ne suka fi yaɗuwa, wato VLF da PI. Ta VLF ba ta da nauyi, ta fi araha, kuma tana jin ƙananan ƙwayoyi saboda yawan mitarta. Misali Fisher Gold Bug 2 tana aiki a kan kilohaz 71. Matsalarta ita ce ƙasa mai yawan ma'adinin ƙarfe, wadda ke sa ta yin ƙara ba tare da akwai komai ba, kuma a irin wannan ƙasar aka fi samun zinariya. Ta PI ta fi jure wannan, tana kuma kaiwa zurfi, amma tana da tsada, sannan ƙusa ko guntun gwangwani na iya sa mutum haƙa a banza. Shi ya sa yanayin ƙasar wurin ne abin dubawa na farko kafin saye. Girman faifan na'urar ma yana da tasiri: babba ya fi zurfi, ƙarami ya fi jin ƙananan curi.

A shekarar 1980 aka gano curin Hand of Faith mai nauyin kilo 27 da irin wannan na'ura a jihar Victoria ta Ostareliya. Masu haƙar gargajiya a Sudan, da kuma yankin Djado na Nijar tun 2014, sun dogara da ita sosai, inda jabun na'urori suka yawaita a kasuwa.