Tarihin da ke Cikin Kwanon Tuwo: Daga Gero da Daddawa Zuwa Masara da Maggi

Idan ɗa ya daɗe a makaranta ko wurin aiki, ranar da zai dawo gida ba a tambayarsa me za a dafa masa. An riga an sani. Tuwo ne da miyar kuka wadda ta ji daddawa da man shanu, ko tuwon shinkafa da miyar taushe, ko ɗanwake da mai da yaji. Mukan kira su abincin gargajiya, kamar dai haka kaka da kakanni suka ci su tun fil azal.

To amma a ce za a ɗauki kwanon tuwon masara na yau a kai wa wata uwargida a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Za ta gane malmala, za ta gane yauƙin kuka da ƙamshin daddawa. Sai dai za ta tsaya tana tambaya: wannan farin garin na mene ne? Wannan jan abin mai zafi fa? Domin a lokacinta ƙasar Hausa ba ta san masara ba, ba ta san barkono, tumatir, rogo ko gyaɗa ba. Bari mu bi kwanon nan hawa-hawa, mu ga me ya daɗe, me ya shigo daga baya, kuma me ke shirin fita.

'Yan asalin gida

Mafi tsufa a kwanon shi ne hatsi. Gero ɗan Afirka ta Yamma ne. Ɗaya daga cikin shaidu mafiya daɗewa na noman gero da masu binciken tsoffin kayan tarihi suka samu ta fito ne daga kwarin Tilemsi a arewacin Mali, kuma shekarunta sun kai kimanin 4,500. Ita kuwa dawa, an samu shaidar fara nomanta a gabashin Sudan, kusa da Kasala, kimanin shekara 5,000 da suka wuce.

Za ku ce ta yaya aka sani, alhali babu wanda ya rubuta? Amsar tana jikin tukwane. Maginan tukwane na wancan zamani sukan cuɗa ƙaiƙayi cikin yumɓu don kada tukunya ta tsage. Idan aka gasa ta, ƙaiƙayin ya ƙone, amma siffarsa ta zauna a jikin yumɓun. Hatsin daji da zarar ya nuna sai ya kakkaɓe 'ya'yansa ƙasa, shi kuma na gona yana riƙe da su har a girbe, saboda irin da manomi ke iya tarawa ya sake shukawa ke nan. Wannan bambanci yana bayyana a gindin ƙwayar, kuma ana ganinsa a madubin ƙara girma.

Wake, acca, gujiya da kuka duk 'yan gida ne. Har shinkafa muna da tamu: akwai jinsin shinkafar Afirka, wadda aka fara nomawa a yankin kogin Neja, daban da ta Asiya wadda ta cika kasuwa yanzu. Matafiyin nan Ibn Battuta, da ya ratsa daular Mali a 1352 zuwa 1353 ya fita ta Takedda a Nijar ta yau, ya ambaci mata masu sayar da hatsi, nono, shinkafa, acca da garin wake a ƙauyukan da ya bi. Wanda ya san tallar ƙauye a yau ba zai ji baƙon abu a wannan jerin ba.

Abin da muciya ke yi

Hatsi kaɗai ba ya zama tuwo, sai da dabara, kuma dabarar nan kimiyya ce tsantsa. Garin hatsi cike yake da ƙananan ƙwayoyin sitaci. A ruwan sanyi ba sa narkewa. Idan zafi ya kai wajen digiri 70 a ma'aunin Salshiyos, sai su sha ruwa su kumbura su fashe, abin da ke cikinsu ya fito ya kama ruwan. Shi ya sa ake fara yin talge: a dama gari da ruwan sanyi kafin a zuba a tafasasshen ruwa. Da za a watsa busasshen gari kai tsaye, bayansa zai dahu ya rufe cikinsa, a samu gudaji. Tuƙi da muciya yana raba zafi da ruwa ga kowace ƙwaya, sulala kuma tana ƙarasa dahuwar.

Idan tuwo ya huce, zaren sitacin yakan sake jeruwa ya matse, shi ne taurin da ake ji a tuwon da ya kwana. Zafi da ɗan ruwa suna sake sassauta shi, wato ɗumame ke nan. Wannan hanya tana aiki ga kowane gari mai sitaci. Ku riƙe wannan, domin shi ne dalilin da ya sa baƙin hatsi suka samu shiga cikin sauƙi daga baya.

Daddawa, kanwa da kayan ƙamshi

A ɓangaren miya, gagarabadau ita ce daddawa. Ana yin ta da kalwa, wato 'ya'yan ɗorawa. Kalwa tana da tauri ƙwarai, sai an dafa ta awanni masu yawa, a surfe ɓawon, a wanke, a sake dafawa, sannan a rufe ta a wuri mai ɗumi kwana biyu zuwa uku. A cikin kwanakin nan wasu ƙwayoyin bakteriya, musamman wadda ake kira Bacillus subtilis, suna farfasa furotin ɗin kalwar zuwa ƙananan sinadarai. Ɗaya daga cikinsu shi ne gulutamet, mai ba miya wannan ɗanɗano na gamsarwa kamar an sa nama. Warin da ke tashi kuwa, har da iskar amoniya a ciki, alama ce cewa aikin ya kankama. Inda ɗorawa ta yi ƙaranci akan yi daddawar batso da 'ya'yan yakuwa. Irin wannan bakteriya ce Japanawa ke amfani da ita wajen yin wani abincinsu na waken suya mai suna natto.

Sunan ɗorawa a kimiyyance, Parkia biglobosa, yana ɗauke da sunan Mungo Park, Baturen da ya bi kogin Neja. Masanin tsirrai Robert Brown ne ya raɗa wa dangin bishiyar wannan suna a 1826. Matan da suka gano yadda ake mayar da ƙwaya mai taurin dutse ta zama kayan miya tun ƙarnuka kafin haka, babu littafin da ya riƙe sunansu.

Kanwa ma tsohuwar 'yar gida ce. Fatake ne ke kawo ta daga yankin Borno da tafkin Chadi, kamar yadda ayarin raƙuma ke kawo gishiri daga Bilma. Kanwa kishiyar tsami ce. Tana sassauta abin da ke riƙe da ƙwayoyin wake, shi ya sa yake saurin dahuwa, kuma tana taimaka wa ganye ya riƙe korensa. Kafin zuwan barkono kuwa, zafin miya daga masoro, kimba da citta yake fitowa. Kanumfari ma baƙo ne tun na farko: asalinsa tsibiran Maluku ne a Indunusiya, sunansa kuma daga Larabci muka aro shi.

Baƙin da suka zama 'yan gida

Bayan 1492, lokacin da jiragen ruwan Turawa suka fara kai-komo tsakanin nahiyar Amurka da sauran duniya, sai amfanin gona ya fara ƙetare teku. Masara 'yar Meziko ce, inda aka fara nomanta kimanin shekara 9,000 da suka wuce daga wata ciyawar daji. Rogo da gyaɗa daga Kudancin Amurka suke. Barkono, tattasai, attarugu, tumatir da dankali duk daga wancan ɓangaren duniya suka taso. Wasu sun shigo ta gaɓar teku a jiragen 'yan Fotugal, a daidai zamanin cinikin bayi. Wasu sun biyo ta arewa da gabas. Masana harshe da dama suna danganta kalmar "masara" da Masar, abin da ke nuna ta inda Bahaushe ya ɗauka ta fito.

An ce baƙo raɓa ne, amma waɗannan sun zauna daram. Barkono yana fitowa a bayan ɗaki ba wahala, ga zafi mai yawa a ɗan kaɗan, don haka ya sha gaban masoro. Gyaɗa ta tarar da gujiya, wadda ita ma a ƙarƙashin ƙasa take 'ya'ya, saboda haka manomi bai sha wuyar gane ta ba. Ta fi gujiya mai nesa ba kusa ba, sai ga man gyaɗa, ƙuli-ƙuli da yajin tsire. Bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama babbar hajar fitarwa, har aka yi zamanin dalar gyaɗa.

Ita masara ta daɗe tana matsayin amfanin bayan gida, a gasa ko a dafa a tsakiyar damina kafin hatsi ya nuna. Hawanta kan gadon tuwo sabon abu ne. Daga tsakiyar shekarun 1970, shirye-shiryen bunƙasa noma da aka fara a Funtuwa, Gusau da Gombe da tallafin Bankin Duniya sun kawo takin zamani mai rahusa da ingantaccen iri, ciki har da wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar. Masara tana amsa taki fiye da dawa, injin niƙa ya sauƙaƙa surfe da niƙa, ga farin tuwo mai kyan gani. Tunda dabarar talge da tuƙi ɗaya ce, uwargida ba ta sake koyon komai ba. Ai dama an ce ba a sauya wa tuwo suna. Ke nan tuwon masarar da yawancinmu muka taso muna ci, yawaitarsa ba ta wuce shekara 50 ba.

Tumatir ma haka. Na gwangwani da noman rani, irin na Kadawa bayan gina madatsar ruwa ta Tiga a shekarun 1970, su suka sa jar miya ta zama ta kullum. A 2016, da wata tsutsa mai suna Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Kano, Kaduna da maƙwabtansu, farashi ya yi tashin gwauron zabo, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. A nan aka ga yadda baƙon jiya ya zama wanda tukunya ba ta iya yi sai da shi.

Dunƙule da daddawa

Baƙo na ƙarshe ya zo a ƙunshe cikin takarda. A 1908 kamfanin Julius Maggi, ɗan ƙasar Suwizalan, ya fitar da dunƙulen ɗanɗanon miya. A wannan shekarar dai wani masanin sinadarai ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya gano cewa gulutamet ne ke ba romo ɗanɗanonsa na musamman. Ku duba fa: sinadarin da masana'antu suka riƙa ƙunshewa suna sayarwa, shi ne wanda masu daddawa suka daɗe suna samarwa a ƙwarya. Dunƙule ya samu karɓuwa don dalilai na zahiri: ba ya wari, ba ya lalacewa da wuri, ana sayen ɗaya-ɗaya, kuma ba ya buƙatar kwanaki na aiki da tulin itace.

Sai dai akwai bambanci. Daddawa abinci ce, tana da furotin da mai. Dunƙule kuwa kusan rabinsa gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, saboda yawansa na jawo hawan jini. Miyar da aka jefa wa dunƙule huɗu ko biyar, aka kuma ƙara gishiri, tana iya cinye babban kaso na wannan ma'auni a zama ɗaya.

Me ke shirin fita daga kwanon?

Tarihin nan bai nuna cewa sabon abu laifi ne ba. Da iyayenmu sun ƙi baƙo, da babu yaji, babu ƙuli-ƙuli, babu miyar gyaɗa. Abin lura shi ne, a da baƙo kan shigo ya zauna kusa da ɗan gida, yanzu kuwa wasu 'yan gidan ne ke ja da baya. Ɗorawa tana ɗaukar shekaru kafin ta fara 'ya'ya, kuma ana sare ta don itace da gawayi fiye da yadda ake dasa ta. Yin daddawa sana'a ce da ake koya a gefen uwa, idan ta tsallake zuriya ɗaya ta tafi. Gero yana nuna da ƙarancin ruwa a ƙasa mai yashi inda masara ba ta kai labari, kuma ya fi surfaffiyar masara sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke buƙata wajen yin jini. Saboda irin wannan ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa.

Babu sarki ko hukumar da ta taɓa yanke wa Bahaushe abin da zai shiga tukunyarsa. Masu girki ne suka gwada, suka ɗanɗana, suka ba iyali, abin da aka cinye aka nemi ƙari ya zauna. Yaro kuma abin da ya saba ci a gida shi yake kewa idan ya girma, shi zai nema ranar da ya dawo daga tafiya. Idan yaran yau ba su san tuwon gero da ƙamshin daddawa ba, nan da shekara talatin babu mai tambayarsu a kasuwa, manomi kuma ba ya shuka abin da ba a saye. Saboda haka tuwon gero ko na dawa sau ɗaya a mako, da rage dunƙule ɗaya a maye gurbinsa da daddawa, ba ƙaramin abu ba ne ga lafiyar masu ci, ga mai daddawa, da kuma bishiyar ɗorawar da ta rage a gona.