Mai Gidan da Ba Ya Karɓar Haya

A Agadas ta yau, in aka ce "mai gida ya zo", ɗan haya sai ya fara laluben aljihu, don ya san wata ya mutu. A zamanin ayari kuwa, fatake murna suke yi da jin wannan kalma, domin mai gida shi ne gatan baƙo a garin da bai san kowa ba.

A watan Oktoba na 1850 Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shigo Agadas daga Tintellust. Bai nemi ɗakin haya ba. An sauke shi a gidan Annur, dattijon Abzinawan Kel Owey, kuma surukin Annur ɗin mai suna Hamma ne ya yi masa rakiya. Kirista ne shi kaɗai a tsakiyar garin Musulmi, amma ya yi kusan mako uku yana zagaya kasuwa, har ya gana da Sarkin Abzin Abdulƙadir. Inuwar mai masaukinsa ce ta rufa masa asiri. Gidan ƙasar da ake cewa nan ya sauka yana nan a tsohon gari, cikin yankin da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2013, ana nuna wa maziyarta.

Sarauta ma tana da nata mai kula da baƙi, wato Sarkin Turawa. Kada sunan ya ruɗi mai karatu: a Hausar wancan lokaci Larabawan arewa ake kira Turawa, irin fataken Gadamas da Gat da Tuwat. Shi ke tsakaninsu da fada, shi ke karɓar kuɗin fito a kan hajarsu, kuma Barth ya rubuta cewa yakan raka ayarin gishiri har Sakkwato a ba shi kasonsa.

To mene ne aikin mai gida a fatauci? Ayari ya iso da kantun gishirin Bilma da dabino, raƙuma sun durƙusa a zango, an kwance kaya. Mai masauki zai ba falke ɗaki, ya sa a kai masa tuwo da fura, ya kulle hajarsa a ɗakin ajiya. Da safe ya haɗa shi da dillali. Idan mai saye ba shi da kuɗi a hannu, mai gida ne zai tsaya masa, in kuwa ya ci bashin ya gudu, daga aljihun mai gida za a biya baƙo. Ba a lissafa kuɗin ɗaki. Abin da ke shiga hannunsa la'ada ce da ihsanin da falke zai yi masa ranar tafiya, sai kuma tabbacin cewa baɗi a ƙofarsa za a sake sauke kaya. Jarinsa na gaske sunansa ne, kuma baƙo ɗaya da aka cuta ya isa ya bushe masa zaure.

Kalmomin sana'ar ma fatake ne, daga nesa suka zo. Dillali daga Larabci yake. Fatoma, wanda Kanawa ke kiran mai saukar da fatake da shi, daga Barno ya taho: a Barbarci "fato" gida ne, "ma" kuma mai abu, ka ga dai mai gida ne ya sake riga. Mutanen Mali suna cewa "jatigi". Da Turawan bincike suka tarar da tsarin a zangon Kumasi da unguwar Sabo ta Ibadan, sai suka fassara shi da kalmarsu ta mai ba da haya, wadda ta yi masa kaɗan. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo, ya nuna cewa cinikin shanu da goro kacokan a kan amanar waɗannan masu gidaje yake tafiya.

Da mota ta karɓe aikin raƙumi, ma'aikatan gwamnati da na haƙar uraniyom suka yawaita a jihar Agadas, haya ta wata-wata ta zama ruwan dare. Amma tsohuwar sana'ar ba ta mutu ba. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, matafiya daga Senegal da Gambiya da Najeriya suka cika garin suna neman hanyar Libiya, ana sauke su a gidajen da ake kira geto. Mai geto ya ba da tabarma, ya ajiye kuɗin guzuri, ya haɗa baƙo da ɗan kamasho da direban Hilux da zai bi ayarin ranar Litinin zuwa Dirku. Fasalin dai na fatoma ne, sai dai wannan baƙon ba zai dawo baɗi ba, kuma a nan ne amanar ta yi rauni: akwai waɗanda suka riƙe ta, akwai waɗanda suka tatse matafiya suka bar su da hamada.

A watan Mayu na 2015 Nijar ta kafa doka mai lamba 2015-36 kan safarar baƙin haure. Da aka fara aiki da ita gadan-gadan a 2016, aka kama direbobi, aka ƙwace motoci, getoci suka koma bayan gari a ɓoye. Gwamnatin soja ta Janar Abdourahamane Tiani ta soke dokar a watan Nuwamba na 2023, motoci suka ci gaba da lodi a bainar jama'a.